Gadon Ingila Kashi Biyu: Amurka Ta Sami Majalisa, Kudancin Zariya Ya Sami Hakimi

Madakiya gari ne na Bajju da ke dab da Kafanchan, cikin ƙaramar hukumar Zangon Kataf ta Jihar Kaduna. Baƙi sun fi saninsa saboda ruwan Matsirga, wanda ke gangarowa daga duwatsun Kagoro ya zubo ta kan dutse kusa da garin. Amma tarihin wannan yanki a zamanin Turawa, in an tace shi, zancen haraji ne: wa ya yanka shi, wa ya karɓa, ina aka kai kuɗin, kuma ko an shawarci mai biya.

Waɗannan tambayoyi su ne suka raba Ingila da 'ya'yanta na Amurka a shekarar 1776. Mutanen Ingila ne suka kafa mulki a gaɓar Amurka, su ne kuma suka kafa mulki a Jema'a da Zangon Katab bayan kusan shekara 300. A can sun fara da majalisar da jama'a suka zaɓa. A nan kuwa sun fara da hakimi da dogari. Ba wai Baturen da ya zo nan ya manta da al'adar ƙasarsu ba ne. Al'adar mulkin Ingila tana da hannu biyu, sai aka miƙa wa kowane wuri hannu guda.

ABIN DA SUKA ƊAUKO DAGA GIDA

Hannun farko shi ne na ƙayyade ikon sarki. A shekarar 1215 manyan ƙasar Ingila suka tsare Sarki John a wani fili da ake kira Runnymede, suka sa ya buga hatiminsa a kan takardar da aka sani da Magna Carta. Abu biyu daga cikinta sun daɗe suna aiki. Na ɗaya, sarki ba zai ɗora wa mutane sabon kuɗin biya ba sai da shawarar ƙasa. Na biyu, ba za a ɗaure ɗa ba, ko a ƙwace dukiyarsa, sai bisa shari'a. Gaskiya ne masu ƙasa sun rubuta ta ne don kare kansu, talaka bai cika shiga lissafinsu ba. To amma magana in ta hau takarda takan fi mai ita tsawon rai.

Rigimar ba ta ƙare a nan ba. Sarki Charles na Ɗaya ya dage sai ya karɓi haraji ba da yardar majalisa ba, aka yi yaƙin basasa, a 1649 aka sare kansa a Landan. A 1688 aka kori Sarki James na Biyu, a shekarar da ta biyo baya majalisa ta kafa Dokar Hakkoki, wadda ta hana sarki yanka haraji, ko dakatar da doka, ko ajiye soja lokacin zaman lafiya, sai da amincewarta. A wannan zamani ne wani malami mai suna John Locke ya fito da littafinsa kan mulki, inda ya ce hukuma amana ce da jama'a suka damƙa don a kare rayukansu da 'yancinsu da dukiyarsu, in mai riƙe da amana ya ci ta, jama'a na da ikon karɓe abinsu.

Ana cikin wannan dambarwa ne jiragen ruwa ke ta kwasar mutane zuwa Amurka. Takardar izinin da Sarki James na Ɗaya ya ba kamfanin Virginia a 1606 ta yi alkawarin cewa waɗanda suka ƙaura, da 'ya'yan da za su haifa a can, za su ci gaba da cin 'yancin mutumin Ingila kamar ba su bar gida ba. Aka kafa garin Jamestown a 1607. Ran 30 ga Yuli, 1619, wakilai 22 da ƙauyukan Virginia suka zaɓa suka zauna a cikin coci tare da gwamna, suka fara yin doka. A shekara ta gaba wasu maza 41 da suka zo cikin jirgin Mayflower suka sa hannu a yarjejeniya tun kafin su sauka, cewa za su haɗa kansu su yi dokokin da kowa zai bi.

Da yankunan suka kai 13, kusan kowanne ya zama ƙaramar Ingila. Gwamna yana madadin sarki. 'Yan majalisar gwamna suna madadin majalisar manyan ƙasa. Majalisar wakilai kuma tana madadin majalisar talakawa. A ƙasa da su akwai alƙalan gunduma irin na karkarar Ingila, da masu taimaka wa alƙali yanke hukunci su 12 daga cikin jama'a, a arewacin ƙasar kuma akwai taron gari, inda magidanta ke haɗuwa su yanke abin da za a kashe kan hanya da makaranta. Amma asirin ƙarfin majalisun nan shi ne jakar kuɗi. A wurare irin su Massachusetts da New York albashin gwamna kansa sai majalisa ta amince ake biya, sau da yawa kuma na shekara guda kawai take amincewa. Gwamnan da ya yi taurin kai ya san inda za a kama shi.

Saboda haka da majalisar Landan ta ɗora harajin hatimi a kan takardu a 1765, Amurkawa ba su ce suna neman wani sabon abu ba. Cewa suka yi su mutanen Ingila ne, ba su da wakili a Landan, don haka harajin haramtacce ne bisa al'adar Ingila kanta. Aka zubar da ganyen shayi a tashar Boston a 1773, aka shelanta 'yanci a 1776 da kalmomi masu ƙanshin koyarwar Locke, Ingila ta sallama a 1783.

KAMBIN TAGULLA

Akwai wani ɓangare na labarin da littattafan makaranta kan wuce da sauri, shi ne kuwa ya fi kusa da abin da ya faru a nan. Amurka ba kango ba ce lokacin da Turawa suka iso. A 1608 kamfanin Virginia ya aiko da kambi da alkyabba da wasu kyaututtuka, aka ce a naɗa Powhatan, babban sarkin mutanen ƙasar, ya zama yana ƙarƙashin Sarkin Ingila. Powhatan ya ƙi zuwa Jamestown, ya ce shi ma sarki ne, a zo a same shi. Da aka je kuma ya ƙi durƙusawa, sai da aka danna kafaɗunsa ya ɗan sunkuya sannan aka ɗora masa kambin. Ba shi ba majalisar 1619, ba jikokinsa ba. Haka kuma a cikin watan Agusta na wannan shekara ta 1619, 'yan makonni bayan zaman majalisar farko, aka sauke baƙaƙen fata na farko da aka sayar a Virginia. Locke kansa yana da hannu a tsarin mulkin yankin Carolina na 1669, wanda ya ba ubangiji cikakken iko a kan bawansa.

Watau tun fil azal 'yancin mutumin Ingila gadon gida ne, ba a raba shi da bare. Wanda aka ci da yaƙi abin da ake ba shi daban ne: a nemi shugabansa, a naɗa shi, a sa shi ya yi mubaya'a, ya riƙa kawo gaisuwa. Duk wanda ya taɓa ganin gwamna yana miƙa wa sarki sandar girma a ƙasar nan ya ga jikan kambin Powhatan.

Asarar Amurka ta ƙara wa wannan hannu na biyu ƙarfi. Hukumomin Landan suka ɗauki darasi cewa majalisar zaɓe a ƙasar mallaka hatsari ce. Inda Turawa suka zauna da yawa, kamar Kanada, an bi su da lallashi har aka ba su mulkin kansu bayan rahoton Durham na 1839. Inda kuwa masu ƙasa suka fi yawa sai aka bar iko a hannun gwamna. Bayan boren Indiya na 1857 aka ƙara gano cewa ya fi arha, ya kuma fi aminci, a bar sarakuna a kan gadajensu, a ajiye Bature a gefe yana ba da shawarar da ba a ƙi. Akwai kuma tunanin Edmund Burke, ɗan majalisar da ya goyi bayan a sasanta da Amurkawa a 1775, amma ya tsani juyin juya halin Faransa. A ganinsa abin da aka gada kaka da kakanni ya fi abin da aka zauna aka tsara, kuma ƙasa ba ta zama lafiya sai da manya da ƙanana, kowa ya san matsayinsa. Yawancin hafsoshi da Razdan-Razdan da aka turo Arewa 'ya'yan irin wannan tarbiyya ne, sun tashi a karkarar da mai gona babba shi ne alƙali, shi ne uban ƙasa.

GWAMNA LUGGA YA ISO

Frederick Lugard, wanda Hausawa suka sani da Gwamna Lugga, a Indiya aka haife shi a 1858, ya yi aikin soja a can, ya kuma yi aiki a Uganda. Ran 1 ga Janairu, 1900, ya ɗaga tutar Ingila a Lokoja. Zariya ta shiga hannu a 1902, Kano da Sakkwato a 1903. Yana da ƙasa mai faɗi, ma'aikata kaɗan, kuɗi kuma babu. Da ya dubi masarautun Arewa, da sarki da waziri da alƙali da hakimai da tsarin haraji, sai ya ga abin da ya yi kama da Ingilar da yake so. Daga nan aka gina En'e a kan duwatsun murhu uku: sarki, kotun alƙali, da Baitulmali. An fara Baitulmali a Katsina a zamanin Razdan Palmer, sannan ya bazu. Da farko rabin harajin da aka tara yana tafiya ga Gwamnati, rabi ya zauna a En'e, sarki da hakimai suka koma cin albashi.

A lura da abu guda. Ikko tana da majalisar dokoki tun 1862, kuma tsarin mulkin Gwamna Clifford na 1922 ya ba da kujeru 4 na zaɓe, 3 ga Ikko, 1 ga Kalaba. Arewa ba ta cikin wannan majalisa. Har zuwa 1946 gwamna shi kaɗai ke yi wa Arewa doka. Virginia ta sami majalisa bayan shekara 12 da kafa ta. Arewa ta jira shekara 47.

A Kano ko Katsina wannan tsari ya zauna a kan abin da ya tarar, ko da yake a can ma ya cire wa sarki tsoron masu zaɓensa da malamansa, ya bar shi da tsoron Razdan kaɗai. Amma a kudancin Zazzau lamarin ya sha bamban. Nan ƙasa ce ta al'ummu da yawa: Bajju, waɗanda takardun Turawa ke kira Kaje, da Atyap da ake kira Katab, da Agworok na Kagoro, da Asholio na Marwa, da Ham na ƙasar Jaba, da Fantswam na Kafanchan, da Kaninkon, da Gwong, da Ninzo, da sauransu. Kafin zuwan Turawa akwai garuruwan Hausa da Fulani a tsakaninsu, irin su Zangon Katab da Kaciya da Kauru da Kajuru, akwai kuma masarautar Jema'a, wadda Malam Usman ya kafa wajen 1810 a Jema'an Daroro tana bin Zazzau. Dangantakar ba iri ɗaya ba ce. Wasu ƙauyuka suna ba da gaisuwa don a bar su lafiya, wasu ana ciniki da su, wasu ana kai musu harin bayi, wasu kuwa sun haye duwatsu ba a taɓa cin su ba. Ƙasar Bajju kanta ta rabu, wani sashe Zazzau ke neman gaisuwarsa, wani sashe Jema'a.

Bature ba ya son irin wannan rikitaccen zama. Yana son taswira mai layi, da mutum guda da zai tambaya in haraji bai cika ba. Sai ya ɗauki abin da dā iƙirari ne ya mai da shi doka. Ƙauyen da sarki ke iya kaiwa gare shi sai da yaƙi, yanzu ya zama yanki na gunduma, da hakimi daga Zariya, da malamin haraji, da alƙali, da 'yan doka, bayansu kuma ga bindigar sojan Gwamnati. Aka sa Jema'a cikin Lardin Nasarawa, a 1926 aka mai da ita Lardin Filato. Da layin dogo ya haɗu a Kafanchan a 1927, inda reshen Jos ya rabu da layin da ya taho daga Fatakwal, garin ya cika da ma'aikata da 'yan kasuwa daga ko'ina, har Sarkin Jema'a ya komo da fadarsa nan a 1933.

Abin mamaki a nan shi ne, mutanen da Bature ya tarar ba marasa tsari ba ne. A ƙauyen Bajju ko na Atyap dattawan gidaje ke zama su yanke shari'ar gona da aure da ranar farauta, tare da masu riƙe da al'amuran addinin gargajiya, ba wanda ke da ikon yanke magana shi kaɗai. In akwai wani abu a Arewa da ya yi kama da taron gari na Massachusetts, wanda marubutan Ingila da Amurka ke yabo a matsayin tushen 'yanci, to wannan zaman dattawa ne. Amma Di'o da ya zo rangadi bai ga fada ba, bai ga rawani ba, bai ga takarda ba, sai ya rubuta cewa mutanen nan ba su kai ga yin mulki ba tukuna, gara a ajiye su a hannun masarauta su koya.

Ba ko'ina aka yi haka ba. Kagoro da Marwa da Jaba an yarda cewa ba a ci su da yaƙi ba, aka bar su a matsayin gundumomi masu zaman kansu, da sarakuna daga cikinsu. A Kagoro ne aka naɗa Malam Gwamna Awan a 1945, mutumin da ya yi karatu a hannun mishan, ya kuma riƙe sarautar har rasuwarsa a 2008. Wannan ya zama abin nuni ga maƙwabta. Mutumin Madakiya ko na Zonkwa yana ganin duwatsun Kagoro daga gonarsa, yarensu kusan ɗaya, al'adarsu kusan ɗaya, amma na Kagoro ɗan'uwansa ke yi masa shari'a, shi kuwa sai an sami mai fassara.

A cikin Turawan ma akwai waɗanda abin bai kwanta musu ba. Sir Donald Cameron, wanda ya yi gwamnan Nijeriya daga 1931 zuwa 1935, ya soki ɗora hakimai baƙi a kan al'ummun da ba Musulmi ba, ya sa a binciko yadda suke mulkin kansu tun asali. An cika fayil da rahotanni, an kafa wasu ƙananan kotuna da majalisun ƙabila. Amma manyan jami'an Kaduna ba su so a taɓa martabar sarakuna, don haka hakimi ya zauna inda yake.

DA MAKAMIN MAI GIDA

Hannun Ingila na farko, wanda aka hana shi shigowa ta ofishin Razdan, sai ya shigo ta ƙofar makaranta. Gwamnati ta taƙaita aikin mishan a biranen Musulmi, amma ta bar shi a kudu. Mishan ɗin SIM ya buɗe tasha a Kwoi a 1910, daga baya a Kagoro, 'yan Katolika ma suka shigo. Da Hausa aka koyar da yawancin karatun farko, shi ya sa ta zama harshen coci da kasuwa a duk yankin. Daga waɗannan makarantu aka sami malamai da masu wa'azi da ma'aikatan asibiti da akawuna, sannan ga sojojin da suka dawo daga Bama bayan yaƙin duniya na biyu sun ga duniya. Mutanen nan sun iya abin da Amurkawan 1765 suka fi ƙwarewa a kai, watau rubuta takardar koke, da tara sa hannu, da tambayar hukuma da wace doka ta yi abu kaza.

Lokacin kuma ya yi tsanani. Tsakanin 1942 da 1944 Gwamnati ta riƙa ɗibar mutane aikin tilas na haƙar kuza a Filato don bukatun yaƙi, kuma ta hannun hakimai da dagatai ake ɗibar. A 1942 Bajju na gundumar Zangon Katab suka tashi da ƙorafi kan danniyar En'e ta Zariya. A 1946 Atyap suka yi nasu, suka ƙi biyan haraji, suka ƙi bin umarnin hakimi, aka kama shugabanninsu aka ɗaure. Abin da ake nema bai wuce abu uku ba: hakimi ɗan ƙasa, kotun da ta san al'adar mutane, da Baitulmali nasu na kansu, don a ga inda harajin ke tafiya.

Bai kamata a ɗauka cewa wannan kuka na kudancin Zariya ne kaɗai ba. Talakan Bahaushe na Kano da Katsina da Zariya kanta yana fama da jangali da aikin tilas da bulalar dogari. A watan Agusta na 1950 aka kafa NEPU a Kano a kan wannan batu, a cikin watan nan kuma Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisar Kaduna ya nemi a yi wa tsarin En'e garambawul. Bambancin kawai shi ne, a kudu ƙorafin talaka ya haɗu da bambancin harshe da addini, don haka raunin ya fi zurfi.

MAJALISA TA ZO A MAKARE

Tsarin mulkin Gwamna Richards ya fara aiki a 1947, aka kafa majalisu biyu a Kaduna, ta Sarakuna da ta Wakilai, kwaikwayon majalisu biyu na Landan. A wannan shekara Sakataren Ƙasashen Mallaka, Arthur Creech Jones, ya aiko da wasiƙa cewa manufa yanzu ita ce ƙananan hukumomi na zaɓe. Jihar Gabas ta karɓa da sauri, ta yi dokar 1950 wadda ta kwaikwayi majalisun gundumomin Ingila. Arewa ta bi a hankali. A zaɓen 1951 ba kai tsaye ake jefa ƙuri'a ba, hawa-hawa ake yi daga ƙauye zuwa gunduma zuwa lardi, kuma En'e tana da ikon cusa nata mutane kashi 10 cikin 100 a hawan ƙarshe. Dokar En'e ta 1954 ta ce sarki ya yi mulki tare da majalisarsa, amma 'yan doka da kotu da gidan yari da Baitulmali duk suna nan a hannunta.

Mutanen tsakiyar ƙasa suka shiga siyasa. An kafa ƙungiyar waɗanda ba Musulmi ba a 1949, ta rikiɗa ta zama ta yankin tsakiya, har aka kai ga UMBC a 1955, wadda Joseph Tarka ya zo ya jagoranta. Da hukumar Sir Henry Willink ta zagaya ƙasa a 1957 da 1958 don jin tsoron da ƙananan ƙabilu ke yi, an gabatar mata da koke-koken kudancin Zariya. Ta ƙi yarda a ƙirƙiro sabuwar jiha. Maganin da ta bayar na Ingila ne tsantsa: a rubuta hakkokin ɗan Adam a cikin tsarin mulki, kotu ta kare su. Haka aka yi, babin ya shiga tsarin mulkin 1960, yana nan kuma a duk waɗanda suka biyo baya. Sai dai takarda a Ikko ba ta canza wanda ke karɓar haraji a Zonkwa ba.

Abin da farar hula suka kasa, soja ne suka yi shi cikin gaggawa. Ran 27 ga Mayu, 1967, Gowon ya raba ƙasa jiha 12, Jema'a da kudancin Zariya suka haɗu cikin Jihar Arewa ta Tsakiya. A wannan shekara aka naɗa Malam Bala Ade Dauke hakimin Zangon Katab, ɗan ƙasa na farko da ya riƙe muƙamin. Aka karɓe 'yan doka da gidajen yari da kotuna daga hannun En'e. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa aikin, sunan En'e ya shuɗe, mulki ya koma ga shugaba da kansiloli.

Sannan sai tarihi ya yi wani juyi. Nijeriya ta ajiye tsarin Firayim Minista na Landan, ta ɗauko na shugaban ƙasa irin na Amurka, Alhaji Shehu Shagari ya yi rantsuwa ran 1 ga Oktoba, 1979. Ta wannan hanya wasu tsofaffin al'adun Ingila suka iso Kaduna bayan sun biyo ta Washington. Tsige mai mulki ta hanyar tuhumar majalisa an fara shi a Ingila a 1376, Amurkawa suka sa shi cikin tsarin mulkinsu na 1787, kuma gwamnan farko da aka yi wa shi a ƙasar nan shi ne Alhaji Balarabe Musa na Jihar Kaduna, a watan Yuni na 1981.

Batun sarauta dai bai mutu ba, don ƙasa da kasuwa da martaba suna rataye da shi. An zubar da jini a Kafanchan a watan Maris na 1987, da Zangon Katab a Fabrairu da Mayu na 1992, da Kafanchan kuma a 1999 wajen naɗin sabon Sarkin Jema'a, Musulmi da Kirista duk sun binne 'yan'uwansu. A 1995 gwamnatin Kanar Lawal Ja'afaru Isa ta ƙirƙiro masarautun Bajju da Atyap. Malam Nuhu Bature ya zama Agwam Bajju na farko, da fada a Zonkwa, Malam Bala Ade Dauke kuma ya zama Agwatyap. A 2001 Gwamna Ahmed Makarfi ya ƙara wasu, ciki har da ta Fantswam. Al'ummun da dā dattawa ke mulkinsu a zaman shawara, abin da suka yi shekara 50 suna nema, suka kuma samu, shi ne sarki mai sanda da hakimai a ƙarƙashinsa, daidai sifar da Gwamna Lugga ya gane da ita. Ba laifinsu ba ne, ita ce kaɗai sifar da hukuma ta saba saurara.

Madakiya a yau mazaɓa ce da ke tura kansila zuwa majalisar ƙaramar hukuma a Zonkwa, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 23 na Jihar Kaduna. Ko wannan majalisa za ta riƙe jakar kuɗinta kamar yadda majalisar Massachusetts ta riƙe tata, maganar ta kai har Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci ran 11 ga Yuli, 2024, cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun Tarayya, ba ta hannun gwamnonin jihohi ba.